Yadda Ake Kai Iyali Kwarin Kogin Rayin A Dawo Ana Dariya

Maigida, idan kana Jamus da iyali, Juma'a ta yi, yara suka taso ka a gaba da "Baba, ina za mu?", ga amsa: kwarin kogin Rayin, tsakanin garin Bingen da Koblenz. Tafiyar kilomita 65 ce, gonakin inabi hagu da dama, kuma hukumar UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A kan tsaunukan akwai tsofaffin fadojin dutse kusan 40. Kada ka kuskura ka faɗi wannan adadi a gaban yara. Da sun ji 40 za su ce sai an shiga duka, kai kuwa gwiwa biyu Allah Ya ba ka.

Ajiye mota, ku hau jirgin ruwa. Daga Mainz har Koblenz babu gada, sai jiragen fito, saboda haka direban da ya ɓata hanya zai wuni yana hango masaukinsa a tsallake, uwargida tana tuna masa cewa tun farko ta faɗa. A jirgi kowa fasinja ne, ba wanda za a ɗora wa laifi.

Sai ka shirya bakinka, domin kowace fada a nan maganin wata rigimar yara ce. Da kun bar Bingen za ku ga wata 'yar hasumiya a tsakiyar ruwa, Hasumiyar Ɓeraye. Almara ta ce wani babban limamin coci mai suna Hatto ya ɓoye hatsi lokacin yunwa, ɓeraye suka bi shi har can suka cinye shi. Ba da labarin daidai lokacin da babban yaya ya ƙi raba biskit da ƙannensa. Za ka ga ikon Allah.

Can gaba, kusa da Kamp-Bornhofen, akwai fadoji biyu maƙwabta, Sterrenberg da Liebenstein, da katanga a tsakaninsu. Jamusawa na kiransu 'yan'uwa abokan gaba. Wannan ka ajiye ta don masu faɗa a kan kujerar taga. Su kuwa ƙanana, nuna musu fadar Kyanwa da fadar Ɓera, wato Katz da Maus, ka bar su su yi ta gardamar wadda za ta kama wata har barci ya ɗauke su.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Pfalzgrafenstein, a Kaub. An dasa ta ne a kan tsibiri, tsakiyar kogi, zamanin Sarki Ludwig na Bavariya wajen 1326, don karɓar kuɗin wucewa daga jiragen fatake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen karɓar haraji a hanya zai gane wurin nan take. Ka yi wa manyan yaran bayani da kyau: yawancin waɗannan gine-gine da muke yi wa hoto, gumin matuƙa jirgi da manoman inabi ne ya ɗaga su. Ya kamata yaro ya san haka.

Idan kun iso dutsen Loreley, mai tsayin mita 132, kogin yana tsukewa kuma ruwan yana da ƙarfi. An ce wata kyakkyawa ce ke zama a sama tana taje gashi tana waƙa, matuƙa su shagala su faɗa kan duwatsu. Maigida, a nan ka riƙe hannun auta, ka yaba ɗaurin kallabin uwargida.

Yanzu batun da ke ranka: ƙasar giya ce. Inabin Riesling ne ya rufe gangaren, kuma tsayin gangaren ya sa da hannu ake tsinkar mafi yawansa a watannin Satumba da Oktoba. Aikin abin kallo ne da girmamawa. Kai dai haddace kalma ɗaya: Traubensaft, ruwan inabi zalla, mai zaƙi, wanda yara za su nemi ƙari. Amma ka kiyayi Federweisser da ake sayarwa lokacin kaka. Kamanninsa na ruwan inabi ne, alhali ya riga ya fara zama giya. A takardar abinci kuma, ka ga Schwein ko Speck, alade ne, wuce zuwa kifi.

Kwana kuwa, fadar Stahleck da ke saman garin Bacharach yanzu masaukin matasa da iyalai ce. Kama ɗaki da wuri, kuma ka rage kaya, domin duk akwatin da uwargida ta cika, kai za ka haura tudu da shi. Sayi burodi da ruwa tun Asabar, shaguna a rufe suke ran Lahadi.

Fada ɗaya za ku shiga ciki sosai, ita ce Marksburg a Braubach, wadda ba a taɓa rushewa ba, ga tsohon kicin, ga sulke. Daga nan ku ƙarasa Koblenz, inda kogin Mosel ya haɗu da Rayin, ku hau motar igiya zuwa ganuwar Ehrenbreitstein. Idan mai tsoron sama kai ne, ka ce kana addu'ar tafiya ne, ka rufe ido. Kowa dai ya sa takalmi mai kama ƙasa, silifa ba ta hawa Marksburg.