Akuyar da Ke Bayan Ƙofa

Tun ina yaro Allah ya jarrabe ni da wata cuta wadda har yau ban sami maganinta ba, wato idan na yanke magana a gaban jama'a, ko da zuciyata ta fara raɗa mini cewa akwai gyara, sai in ga janyewa ta fi mini cire haƙori ciwo. Wannan cuta ce ta sa ni, malamin lissafi wanda alli ya ci yatsunsa shekara ashirin da ɗoriya, na sayi akuya a tsakiyar wata, na ciyar da mutanen da suka fi kowa yi mini dariya.

Asalin abin wata mas'ala ce da wani matashin malami ya kawo ɗakin malamai muna shan shayi. Ya ce an ƙago ta ne daga wani shirin talabijin na Amurka wanda Monty Hall ya daɗe yana gabatarwa. Ga ƙofofi uku a rufe, bayan ɗaya akwai mota, bayan sauran biyun akuya akuya. Ka nuna ɗaya, sai mai shirin, wanda ya san abin da ke bayan kowace ƙofa, ya buɗe ɗaya daga biyun da ka bari ya nuna maka akuya, sa'an nan ya tambaye ka ko kana nan a kan bakanka ko za ka koma ɗayar. Wai wanda ya sauya yana da kashi biyu cikin uku na samun mota, wanda ya kafe kuwa kashi ɗaya tak.

Na ajiye kofi na ce, "Malam, ƙofa biyu suka rage, mota ɗaya ce. Ko ɗan goye ya san rabi da rabi ne."

Yaron yana da ladabi, bai musa mini kai tsaye ba, sai ya kewaya ta tarihi. Ya ce a 1990 Marilyn vos Savant ta ba da fatawar a sauya a mujallar Parade, wasiƙu wajen 10,000 suka yi mata ruwa, kusan 1,000 daga masu digirin dakta, galibinsu suna ƙaryata ta. Har Paul Erdős, shehin lissafin nan ɗan ƙasar Hungari, bai sallama ba sai da aka nuna masa gwajin a kwamfuta. Mai hankali da ya ji haka sai gwiwarsa ta yi sanyi. Ni kuwa abin da na tsinta cikin labarin shi ne ashe ina da ijma'in malamai dubu a bayana. Nan take na ce idan ta tabbata ni ne a kan kuskure, akuyar nan ta bayan ƙofa ni zan saye ta a yanka a ci. Malamin fiƙihu ya yi gyaran murya ya ce tun da ɓangare ɗaya ne ya ɗora wa kansa, babu shubuhar caca a ciki, alƙawari ne kurum, alƙawari kuwa kaya ne. Na lura yana maganar yana haɗiyar yawu.

Tun da kwamfuta ce ta ladabtar da Erdős, na ƙudura da ita zan wanke kaina. Dabarar tsohuwa ce. A 1946 Stanislaw Ulam, yana jinya yana rage lokaci da wasan karta na mutum ɗaya, ya gaji da lissafin sau nawa wasan kan fita, sai ya ga ya fi sauƙi a buga shi sau ɗari a ƙirga. Shi da John von Neumann suka ɗora wannan tunani a kan aikin nukiliya na Los Alamos, aka laƙaba masa sunan Monte Carlo, garin 'yan caca na Monako. Ma'anarsa dai, abin da hujja ta gagara warwarewa, a sa na'ura ta yi ta jefa ƙuri'a sau dubbai har gaskiya ta taso kamar mai a kan miya.

Dare uku na yi ina fama da harshen kwamfuta na Python, wanda iyakar sanina da shi kwas ne na mako biyu, ga masu wuta suna ɗaukewa duk lokacin da na kusa gamawa. Na umarci na'ura ta ɓoye mota da ƙuri'a, ta zaɓi ƙofa da ƙuri'a, ta buɗe ɗaya daga biyun da suka rage, ita ma da ƙuri'a. Da na ga wani lokaci tana buɗowa a kan motar, alhali a mas'alar akuya ake nunawa, sai na ƙara sadara ɗaya na ce duk zagayen da hakan ta faru a zubar da shi, kada a lissafa. Na sa ta maimaita sau 100,000, ƙirjina yana dukan uku-uku, kafin in kai kofi baki ta rubuto: mai sauyawa 50.1 cikin ɗari.

Ban yi barci ba don murna. Kashegari na buga sakamakon a takarda, na manna a allon sanarwa, na ja layi biyu da jan biro, har na yi wa matashin nasiha a kan illar taƙlidi da karɓar duk abin da ya fito daga Turawa ba tahƙiƙi.

Ranar Asabar 'yar ƙanwata, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a, ta zo gaishe mu, na buɗe mata aikin don ta ga kawunta bai tsufa ba. Ta durƙusa gefen tabarma tana bin sadarorin da yatsa, ta daɗe shiru, sa'an nan ta ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, mai buɗe ƙofar nan naka ya san inda motar take kuwa?"

Na ce, "Ina ruwan lissafi da abin da ya sani?"

Ta ce, "To waɗannan dubu talatin da ukun da ka zubar fa, su wane ne?"

A nan ne jahilcina murakkabi ya bayyana, domin ban sani ba, kuma ban san ban sani ba. Ta nuna mini da ƙwayoyin gyaɗa uku. Zaɓin farko sau ɗaya cikin uku yake dacewa da mota. A sauran biyun kuwa motar tana cikin ƙofofin da aka bari, kuma mai shiri masani ba ya taɓa buɗe ta, dole ya kauce mata ya bar ta a rufe tana jiran mai sauyawa. Ni kuwa na ɗauko makaho na ba shi aikin, duk sa'ad da ya yi tuntuɓe da motar na share zagayen, alhali waɗannan zagayen su ne daidai rabin nasarorin mai sauyawa. Ashe na'urar ba ta yi mini ƙarya ba, amsa ta ba ni sahihiya ga wata tambaya dabam wadda ba wanda ya yi. Yarinyar ta gyara sadara ɗaya, ta danna, sai ga 66.6. Na ce ta sake, la'alla na'urar ta yi zafi. Sau biyar muka sake, ba ta ko gusa daga wajen nan ba.

Ran kasuwa na tafi kara ni kaɗai. Dillali ya jawo mini akuyoyi uku, na duba haƙora, na matsa ƙugu, na nuna ta tsakiya. Ya ce, "Alhaji, ta hagun nan an riga an saya, amma ga ta dama, ko za ka sauya?" Gabana ya faɗi. Na tuna da Erdős, na tuna da gyaɗa uku, na ce a ba ni ta dama. Sai da aka feɗe ta malamin fiƙihu ya ɗaga haƙarƙarin sama, hasken taga yana ratsa shi, ya tambaya ko ba a ga wadda ta fi wannan tsoka a kasuwar ba.