Abaya Ɗaya Ce, In Ji Alhaji

Na san abin da za ku ce tun ban rufe baki ba: "Mu da muke kasuwa tun kana goye, kai ne za ka koya mana ƙirga kaya?" Allah ya huci zuciyar Alhaji. Tambaya ɗaya kawai na zo da ita. Abayar nan da ka ɗora a Facebook daga shagonka na unguwar Mahdiya a Sabha, guda nawa ce?

Ɗaya, ko? To, mu lissafa. Tsawo biyar ne, 52, 54, 56, 58 da 60. Launi huɗu, baƙi, ruwan toka, ruwan ƙasa da makuba. Kowacce kuma akwai mai duwatsu a hannu, akwai marar ado. Kaya 40 ke nan suka ɓuya bayan hoto ɗaya, kai kuwa ka rubuta "akwai" ka tafi shan shayi.

"Ai duk a kaina suke." Madalla da wannan kai, wanda jiya ya tashi yaran shago neman makullin da ke aljihunsa. Ga wata Hajiya daga Tarabulus ta turo kuɗin 58 ruwan toka. Ashe ta ƙarshen yaronka ya sayar wa wata 'yar unguwar Gurda tun da hantsi, bai gaya wa kowa ba. Sai ka naɗe 56 ruwan ƙasa ka ce ai kusan ɗaya ne, ka ba direba. Abaya ta yi tafiyar fiye da kilomita 700, Hajiya ta saka, idon sawu a waje. Saƙon muryar da zai biyo baya, ina ba ka shawara kada ka kunna shi a gaban mutane. Kuɗin motar dawowa kuma ba sai na faɗi aljihun da zai fito ba.

Maganin ba boko ba ne. Kowane iri a ba shi lambarsa da adadinsa, ana sayarwa ana ragewa nan take, wanda ya ƙare a sauke hotonsa. Hoton ma a ɗauka a hasken rana, don fitilar shago tana mai da makuba baƙa. Manhajar Shopify ta daɗe tana tsayar da kaya ɗaya a kan zaɓi uku, kamar tsawo da launi da ado, sannan ita ke rage adadin da kanta. Kundin kaya na WhatsApp, wanda ya fito a 2019, yana ɗaukar 500 ne, kuma ba ya ƙirga maka saura. Samfurin abaya 13 kacal, in ka jera kowane iri daban, ka zarce. Littafi mai layi da biro ma sun wadatar, in za a riƙa rubutawa.

'Yan Kantin Kwari kuma ina jiyo dariyarku daga Kano, ku dakata. Atamfar da kuke sayarwa turmi-turmi, masaƙa ta riga ta buga mata lamba a gefen zane, amma har gobe "mai ganyen nan irin ta Hajiya Babba" kuke ce wa yaro ya ɗauko, ya shiga sito ya fito da mai ganye uku.