Akwai Rina a Rufi

Rub da ciki nake wannan rubutu, don tun jiya ni da kujera ba ma ga maciji.

Motar gado ce. Land Rover gajera, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1971 zuwa 1985, kawuna ya saye ta a gwanjo bayan Turawan Italiya sun gama madatsar Bakolori a 1978. Da zafin bazara ya kai intaha sai wani tunani ya zo mini: in cire mata rufi. Na hango kaina daga Talata Mafara zuwa Bakura, daga can in ratso fadamun shinkafa har bakin dam ta wajen Maradun, ƙanena a sitiyari, kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo yana tashi, ni kuma a tsaye a baya ina ɗaga wa manoma hannu kamar mai neman kujerar majalisa. A zamanin da kowa a hanyoyinmu yake neman inda zai ɓoye kansa, ni hanyar da za a hango ni daga nesa nake nema.

Na kai ta gindin darbejiya kusa da tasha, na aro kayan aiki. Rufin Land Rover ba walda aka yi masa ba, notuna ne jere a kan gilashin gaba da gefe da gefe. Sai dai notunan ƙarfe ne, jikin motar kuma alminiyam, shekara arba'in da ɗoriya suna tare har sun zama 'yan uwa. Ga shi awon Ingila ne da su: sifana 12 ta ƙi shiga, 13 ta yi ta zamewa. Kananzir, baƙin mai, guduma da cizal, kafin azahar dai na kwance su duka. Na tuɓe riga na rataye, daga ni sai singileti da wando.

Tun da na fara, wani dattijo mai sayar da rake a baro yake kallona. Bai taɓa tuƙa ko keke ba, shi ya gaya mini da bakinsa, amma ya ce a gabansa aka gina Bakolori, saboda haka babu abin da bai sani ba game da ƙarfe.

"Ɗana, mi kaka yi haka? Ruhin mota za ka cirewa?"

Da bakinmu na Zamfara, rufi ruhi ne. Da ina da rabo, da a nan na tsaya.

Na samo samari huɗu na ba su ɗari bibbiyu, kowa ya kama kusurwa. Ni na shiga baya na duƙa, na sa ƙeya da tafukan hannu biyu a tsakiya. Ɗaya, biyu, uku, rufi ya tashi. Muka fara zame shi ta dama, rabinsa ya fita waje yana lilo.

Rufin motar nan hawa biyu ne. Turawa sun ɗora wani falle a sama, sun bar sarari tsakaninsa da na ƙasa don iska ta riƙa ratsawa saboda ranar ƙasashen zafi. Dabara ce mai kyau. Rina ma ta yaba da ita, don a cikin sararin nan ta gina unguwa guda.

Ban ga gudun samarin ba, ƙura kawai na gani da silifa ɗaya. Aka bar ni da rufi a ka kamar kunkuru, gwiwa a lanƙwashe, ba tsaye ba, ba durƙushe ba. In na sauke ta gaba, gilashi ya tafi. In na saki, ya kifa ta dama. Na yunƙura in gyara tsayuwa, sai na ji wani ɗan sauti a ƙuguna, tas. Zariyar wando.

Wando bai yi gaggawa ba. A hankali ya sauka, kamar tutar da ake saukewa da yamma, ya tsaya a gwiwa ya huta, sannan ya ƙarasa idon sawu.

"Kak ka motsa!" in ji mai rake, daga bayan baronsa. "Ciji halshenka. Rina ba ta halbin wanda yac ciji halshe."

Na ciji harshe. Ta harbe ni a bayan cinya.

"Ba ka cije da kyau ba."

A daidai nan na ji babur ya tsaya ta dama, a ƙarƙashin rabin rufin da ke lilo, don nan ne inuwa. Na ga takalmin fata, na ga bakin farar riga, na ga buhun shinkafa a bayan babur. Na san takalmin. Ni na sayo shi a Gusau da sallar bara.

Ranar Talata ce. Duk duniya ta san Mafara ranar Talata take ci, sunan garin ma ya faɗa. Kuma shekara bakwai ke nan da aurena, babu Talatar da surukina bai taso daga Maradun ya zo kasuwa ba. Ni kaɗai na manta.

"Salamu alaikum."

Jama'a, ku tsaya mu duba lamarin nan da kyau, don tun jiya nake juya shi. Surukinka ya yi maka sallama, dole ka durƙusa. In na durƙusa, rufi ya sauka a kan hularsa. In ban durƙusa ba, ya koma Maradun da labarin mijin 'yarsa ya gaishe shi daga sama kamar mai kiran salla. Hannu ɗaya kawai nake bukata in jawo wando, amma hannun nan shi ne tsakanin Baba da asibiti. Gajeren wandon da ke jikina kuwa, maiɗakina ta yi masa faci a baya da ƙyallen atamfa mai zanen kaji, ragowar wadda shi Baba ya saya mata da hannunsa lokacin suna.

Na amsa sallama da harshe a cije.

Baba mutumin kirki ne. Ya kafa idonsa a kan reshen darbejiya, bai sauke ba, ya ɗauko gaisuwa tun daga tushe.

"Malam, an wuni lahiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba." Hannuwana suna karkarwa kamar mazari.

"Ya iyali? Ya yaran?"

"Suna lafiya."

"Ya aiki?"

Ya aiki. Rina biyu a kan singiletina, ta uku tana zagaya kajin atamfa tana zaɓen wuri, 'yan kasuwa sun fara taruwa, wani yaro mai tallar fiya wata ya ajiye kayansa ya zauna.

"Aiki da godiya, Baba."

Sai mai rake ya gyara murya, ya kawo shawarar da har in mutu ba zan manta ba.

"Alhaji, ai abin ga mai sauƙi na. A sace iskan tayu dut huɗu. Mota ta yi ƙasa, ruhi shi tsaya sama, shi ke nan."

Na ce wa mai rake, "Baba, ai a cikin motar nake tsaye. In ta yi ƙasa da ni za ta yi."

Ya yi shiru, ya fere rake gaɓa guda, ya auna maganar.

"To a sace na gaba kaɗai."

Wani ma har ya tafi neman tsinke.

Surukina ya sauka daga babur. Ya naɗe hannun babbar rigarsa ta kasuwa, ya juya mini baya, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin rufin. Dattijo mai shekara saba'in. Rina ta same shi a kunne, ko uffan bai ce ba. Yana fuskantar gabas ya ce, a hankali, kamar da darbejiya yake magana:

"Malam, gyara."

Kalma ɗaya. Da zagina ya yi da na fi samun barci. Na sunkuya na jawo wando, kuma sunkuyon nan, na lura daga baya, shi ne ya nuna wa kasuwar Mafara kajin gaba ɗayansu.

Aka taru aka sauke rufi, aka jingina shi a bango kusa da baron rake. Baba ya hau babur, ya ce a gaida gida. Ban je Bakura ba. Na tuƙo gida a karkace, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a ƙugu, rana tana dukan tsakar kaina.

Ɗazu da hantsi na lallaɓa in ɗauko rufina. Na tarar mai rake ya kafa masa sanduna huɗu, ya shige ƙarƙashi da baronsa, ya miƙe ƙafa.

"Ɗana, zo ka ji sanyi. Wallahi Turawan ga sun san aiki." Ya dubi motar, ya dubi goshina da ya ƙone, ya girgiza kai. "Ka biɗi irinai ka aza ma motarka. Rana za ta kashe ka."