Barewa Ba Ta Karanta Lambar Harsashi

Duk Bahaushen da neman abinci ya kai shi Wiskonsin ko Mishigan zai lura da wani abu in watan Nuwamba ya kama. Wurin aiki ya yi tsit, rabin mutane sun ɗauki hutu, waɗanda suka rage kuma ba su da zance sai na barewa. A Wiskonsin ana buɗe farautar bindiga ranar Asabar da ke gaban bikin godiya na Amurkawa, a kwana 9 ana yi, mutum sama da rabin miliyan ke yankar lasisi. A Mishigan kuwa 15 ga Nuwamba ce ranar, ko Talata ta faɗo ko Lahadi. In ka daɗe a cikinsu, dole wata rana wani ya dafa kafaɗarka ya ce bana da kai za a shiga daji. Jinin kakanninka masu kwari da baka ya motsa, ka ce to. To ɗin nan taka ce ta sa na ɗauki alƙalami, ƙanena, domin ina so ka dawo gida da nama, girarka lafiya lau, barewar kuma ta mutu ba ta sha wuya ba.

Takarda tukuna, ƙarfe daga baya. Mai katin zama na dindindin yana sayen bindiga yadda ɗan ƙasa ke saye: ya cike fom mai lamba 4473 a kanti, a binciki sunansa, a ba shi. Mai bizar karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da lasisin farauta mai aiki. Wanda takardunsa ba su cika ba, ya tsaya a cin nama, ko taɓa ta kada ya yi. Akwai kuma ajin koyar da mafarauta, wanda a Wiskonsin wajibi ne ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973. Za ka zauna kusa da yara 'yan shekara 12 masu riga ka ɗaga hannu. Ka daure ka zauna. Sannan ka karanta dokar jiharka kafin ka fitar da ko sisi. Ohayo ba ta yarda da bindigar barewa sai mai miƙaƙƙen kwanso, irin .350 Legend da kamfanin Winchester ya fitar a 2019. Fensilbeniya ba ta yarda da mai ɗura kanta da kanta. Kada ka sayo abin da sai dai ka rataye a bango.

Yanzu ga babbar magana. Ranar da ka ce kana neman bindiga, mashawarta za su yi maka caa, kuma a cikinsu ba a rasa wani ƙato mai ɗaga murya da zai ce in ba .300 Winchester Magnum ba, wasan yara ne. Ka yi masa godiya, ka wuce. Harsashin nan na 1963 nagari ne, amma ya fi dacewa da manyan namun dawa na tsaunukan yamma, waɗanda ke ninka barewa sau uku ko huɗu. Namijin barewa mai farar wutsiya kilo 70 zuwa 100 ne, macen ba ta ma kai haka ba. Fatarta siririya, haƙarƙarinta ba sulke ba ne. Ba ta taɓa tsayawa ta tambayi lambar abin da ya same ta ba. Inda ya same ta kaɗai ta sani.

Abin da ƙaton nan ba zai gaya maka ba shi ne shuri. Kowace bindiga tana shurin mai ita, kuma kafaɗa ba ta mantuwa. In ta sha duka sau biyar, a na shida ba za ta jira ba: kafin ka gama jan kunama ido ya runtse, wuya ya noƙe, hannu ya fizga, bakin bindiga ya duƙa ƙasa. Mai yin haka bai san yana yi ba, zai ma iya rantsuwa a kai. Ga yadda ake kama shi. A filin koyon harbi, ka juya baya abokinka ya ɗura maka, wani lokaci da harsashi, wani lokaci ba komai, kada ya gaya maka. Ka saita, ka ja. In aka ji ƙas, babu ƙara babu hayaƙi, amma kai ka zabura har hularka ta karkace, shi ke nan asiri ya tonu. Wannan zaburar ita ce ke kai harsashi cikin hanji ko ƙafa, barewa ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba mai ganinta. Ni ban san abin kunya a farauta da ya wuce wannan ba.

Saboda haka ka zaɓi wadda kafaɗarka ba ta tsoro. Akwai .243 Winchester ta 1955, shurinta wajen rabin na .30-06, ita Amurkawa da yawa ke fara ba 'ya'yansu, kuma barewar da ta kayar ba ta ƙirguwa. Akwai 7mm-08 ta 1980, mai sauƙin hali. Akwai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, wadda tsofaffin sansanin farauta ke yi wa ba'a wai ta 'yan gayu ce. In ka saye ta ka shirya shan tsiya da dare, ka kuma shirya ganin ramukanka sun haɗe wuri guda a jikin takarda da safe. Sai manyan gida biyu, .30-06 ta 1906 da .270 ta 1925. Marubuci Jack O'Connor ya shafe wajen shekara 30 a mujallar Outdoor Life yana kambama .270, takwaransa Elmer Keith kuma yana can gefe yana cewa sai babban harsashi mai nauyi. Dukansu sun mutu tuntuni, jikokin masu karanta su suna nan suna ci gaba da musun a bakin wuta. In an fara, kai ka ɗauki kofin shayinka ka yi shiru, ba a neman wanda zai raba.

In ka ce lallai in zaɓar maka, .308 Winchester zan ce, ta 1952, da harsashi mai lambar nauyi 150. Shurinta mutum baligi yana iya ɗauka, kuma ko a kantin ƙauye da ke sayar da fetur da biskit da wuya ka rasa harsashinta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi tafiyar awa huɗu sannan ya tuna kwalinsa na kan teburin gida. In kuwa ka gwada ta ka ji ranka bai kwanta ba, sauka zuwa 6.5 ko .243, ba wanda zai cire maka wando a kasuwa.

Ita kanta bindigar ba ta buƙatar dogon surutu. Ka sayi mai sakata, wadda bayan kowane harbi kake ɗaga hannu ka ja baya ka tura gaba. Ba ta da rigima, tana kuma koya wa mutum cewa harbin farko shi ne harbi. Ruger American da Savage Axis suna nan wajen dala 400 zuwa 600, Tikka ta ƙasar Finlan ta ɗara su kuɗi da laushin sakata. In dajinku mai duhu ne, tsohuwar .30-30 ta 1895 tana aikinta har yadi 150. Ka je kanti sanye da rigar sanyin da za ka shiga daji da ita, domin bindigar da ta zauna maka daidai cikin 'yar shara sai ta yi maka tsawo in ka jibga kaya uku. Ka rufe ido, ka ɗora ta a kafaɗa, ka buɗe. In idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka miƙa wuya ba, taka ce. Kada ka kuma ruɗu da mara nauyi sosai. Tana da daɗin ɗauka, amma duk nauyin da aka rage mata, a shuri take ramawa.

Madubin saiti shi ne inda sababbi ke yin rowa, kuma nan ne araha ba ta ado. Barewa ta fi fitowa da sanyin asuba da kuma dab da magariba, lokacin da madubin dala 40 ke nuna maka hazo zalla. Ka ware dala 200 zuwa 300 ka sayi na kamfani irin Leupold ko Vortex, mai lamba 3-9x40. Ma'anarta yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashin gaba kuma milimita 40 ne. Mai kanti zai nuna maka wani zabgege mai ninki 24 da maɓallai ko ta ina. Ka yaba, ka mayar masa. Kuma ko naka ɗin, ka bar shi a kan 3 in kana daji. A kan 3 kana ganin faɗin wajen ƙafa 30 a nisan yadi 100, a kan 9 bai kai ƙafa 15 ba. Ka ƙaddara kana bisa bishiya, yatsunka sun ƙage don sanyi, sai ga ta ta ɓullo yadi 25 daga gindinka. Ka ɗaga bindiga da madubi a kan 9, ba ka ganin komai sai gashi ruwan ƙasa ya cika gilashi, ba ka san ko wuya ne ko cinya ba. Kafin ka murɗa, ta ɗaga farar wutsiyarta ta yi maka sallama.

Ka kula da tazarar ido. Madubi nagari yana ba ka cikakken hoto idonka na nesa da shi inci 3 da rabi zuwa 4. Wanda ya manna ido, bindiga ta yi shuri, bakin madubi ya sare shi a gira, ya dawo da tsagar jinjirin wata da ba wanzami ne ya yi masa ba. Zoben da ke riƙe madubi ma kada ka saye na banza, a kuma ɗaure shi da ma'auni.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Satumba ka fara zuwa fili, da abin toshe kunne. Ka saita a yadi 100. Yawancin madubai kowane ƙas ɗaya na maɓalli yana matsar da harsashi kwatan inci a wannan nisa, saboda haka in ka sauka inci 2 hagu, ƙas 8 za ka yi dama. Harsashin da ka saita da shi, da shi za ka yi farauta, mai bakin da ke buɗewa in ya shiga nama. Mai rufaffen baki na atisaye yawancin jihohi sun hana harbin barewa da shi. Kalifoniya ta hana farauta da dalma kwata-kwata tun 2019, kuma ko a inda ba a hana ba, mai ƙananan yara a gida ya duba na tagulla, domin dalma tana warwatsewa cikin nama. In ka gama saiti, tashi daga kan tebur, daji ba shi da tebur. Harba a zaune, harba a durƙushe, harba kana jingine da itace. Zuciya da huhun barewa, can bayan kafaɗa, ba su wuce faɗin faifai ba. Nisan da kake iya zuba biyar cikin biyar a wannan faɗi, nan ne iyakarka, ko da yadi 70 ne. Mafarautanmu na gida masu bindigar toka ɗuri ɗaya gare su, sai su yi ta sanɗa har su matso, kuma suna komawa da nama.

Kada kuɗin harsashin gwaji ya yi maka ciwo. Tun dokar Pittman da Robertson ta 1937, harajin da ke kan bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin 100 a yau, yana tafiya ne wajen kula da namun daji. Wajen 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa, ba ta wuce rabin miliyan ba a ƙasar duka. Yanzu ana kiyasin ta kai miliyan 30.

Ranar fita ka sa riga da hula ruwan goro masu ƙyalli. A Wiskonsin doka ce rabin abin da ke saman ƙugunka ya zama wannan launi ko ruwan hoda mai haske. Idon barewa bai cika rarrabe shi ba, idon maƙwabcinka mai bindiga kuwa yana ganinsa tun daga nesa. Kada ka harbi motsin ganye, sai ka ga dabba sarai ka kuma san abin da ke bayanta. In ta fito zuciyarka za ta yi ta dukan uku-uku, gwiwa ta kama rawa, haka kowa yake yi har masu furfura. Ja numfashi, saki rabi, yi bisimilla, matsa kunama a hankali. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta abin da aka harba da bindiga in an ambaci sunan Allah, in kuma ka iske ta da sauran rai sai ka yanka, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka.

Sauran aikin na wuƙa ne da waya. Ka fasa ciki da wuri don nama ya huce. A Wiskonsin sai ka yi rajistarta kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari, kuma tunda an gano cutar ƙwaƙwalwar barewa a jihar a 2002, ka kai a gwada kafin a ɗora tukunya. Bindiga ta koma akwatinta mai kwaɗo, harsashi a wani wuri dabam, nesa da hannun yara. Babbar barewa tana ba da tsoka kilo 20 ko fiye, mara kitse, irin wadda kilishi da dambu ke so. Tun yanzu ka tambayi uwargida ko akwai wuri a firiza, ka kuma rubuta sunayen waɗanda za a kai wa, domin duk Bahaushen da ke garinku zai ji labari kafin ka gama fiɗa.