Ranar da ladabi ya goge wa motata ƙwaƙwalwa

Mako uku cur yaran unguwarmu a Gummi suna karya kumallo da turin motata. Da na fito da makulli sai su watse kamar an jefa tsakuwa cikin kaji. Batir ya yi rauni sosai, amma na yi ta lallaɓa shi, har ranar da surukina ya aiko cewa ni zan kai shi ɗaurin aure Anka ranar Asabar. Ba a tura mota da suruki a ciki. Na je kasuwa na sayo sabo.

Motar Honda Accord ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, kuma irinta ba Fijo ba ce da za ka cire batir ka jefar ka ɗaura wani. Tana da ƙwaƙwalwa, wadda ko motar na kashe tana ɗan tsotsar wuta don ta riƙe abin da ta haddace: agogo, tashoshin rediyo, iyakar hawan gilashi, da yawan iskar da inji ke sha in yana kan silo. Wuta ta yanke, hadda ta zube. Masu wayarin suna da 'yar na'urar da suke soka wa a wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ta riƙe wutar har a gama. Wasu kanikawa kuwa sukan bar injin a kunne su fizge batir, dabarar da ke iya ƙona altaneta ko ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Duk na san wannan, na gani a waya. Abin da ya sa ban je wurin mai wayarin ba shi ne kuɗin aiki, da kuma wani girman kai irin na malamin makaranta.

Dabarata mai sauƙi ce. Batirin babur ma bolt 12 ne kamar na mota. Ranar Asabar ɗin na aro na maƙwabcina, na samo siraran wayoyi biyu, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Matsi ne ba ni da shi, don haka na kira ɗan ƙanwata da ke zaune a gidana, yaro mai shekara 12, na ɗora yatsunsa a kan wayoyin.

"Ko ƙasa za ta tsage kada ka saki," na ce masa.

"To, Kawu."

Na ɗauki sifana mai lamba 10, na fara kwance kan baƙin kamar yadda ƙa'ida ta ce, sannan jan, na naɗe shi da tsumma don kada ya taɓa jikin mota ya yi tartsatsi. Na ciro tsohon batir ina nishi. Na leƙa ciki, agogo na nan yana aiki. Wallahi a lokacin har na fara tunanin buɗe shago.

Sai ga sallamar Baba, surukin nawa, a bakin zaure, ya iso tun kafin lokaci, da babbar riga sai ƙamshi.

Shekara huɗu na yi ina koya wa yaron nan cewa ba a gaida babba a tsaye. Na yi faɗa, na yi nasiha, har carbi na taɓa ɗaga masa. Ranar tarbiyyata ta yi 'ya'ya. Ya saki wayoyin nan biyu, ya cire takalmi, ya zube ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Allah shi yi ma albarka! Malam, wanga yaro ka hore shi da kyau."

Na ce amin, ina kallon wayoyin suna lilo a jikin bamba.

Na ɗaura sabon batir, ja kafin baƙi, mota ta tashi da kik ɗaya. Tsohon kuwa maiɗakina ta ce ba zai kwana mata a gida ba, saboda dalmar da ke cikinsa. Ba ta da laifi: tun gubar dalmar 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sunan dalma kawai ya isa ya tayar wa uwa hankali a yankin nan, ko da waccan daga dutsen zinariya ta fito. Mai gwangwan ya ɗauke shi kafin mu fita.

Mun hau titi na danna rediyo, don akwai faifan Ɗanƙwairo a ciki da na tanada musamman saboda Baba. Maimakon kiɗa sai haruffa huɗu suka fito: CODE. Kariyar ɓarayi ce. In wuta ta yanke, rediyon ya ɗauka sace shi aka yi, ba zai sake magana ba sai ka ba shi lambobinsa biyar. Wato motar da na biya da bashin albashi tana tuhumata da sata a gaban surukina.

Na gwada 12345. Ta ƙi. Na gwada 11111. Na so sa shekarar haihuwata, sai na tarar maɓallan daga 1 zuwa 6 suka tsaya.

"Mi ka ka latsawa haka?" in ji Baba.

Na yi masa bayani. Ya gyara zama, abin ya ba shi sha'awa. Ya ba ni lambar tsohon kekensa, ya ba ni yawan buhunan geron da ya noma bara da na bana a haɗe. A gwaji na goma rediyon ya rufe bakinsa ɗungurungum, kamar amaryar da aka ɓata wa rai.

Wannan duk wasa ne. Injin ya manta silonsa, kuma maƙoshinsa ya daɗe da datti, da can ƙwaƙwalwar ce ke rufa mini asiri. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ya yi kakari ya mutu. Ya mutu a Daki Takwas a tsakiyar masu awara. Ya mutu a shingen jami'an tsaro, daidai lokacin da aka ce mu wuce, har wani ya leƙo yana tambaya ko ni na saba tuƙi. Duk wanda ya san hanyar Gummi zuwa Anka a shekarun nan ya san ba inda ake son tsayuwa ba ne. Daga nan Baba ya daina ba da lambobi, ya ciro carbi. Ni kuma na koyi tuƙi da ƙafa biyu, ɗaya kan birki ɗaya kan totur, gumi har cikin hula.

A Anka na sauke shi a ƙofar gidan biki, na lallaɓa wurin wani mai wayarin. Yaro ne da bai fi ɗalibaina ba. Na zayyana masa ilimina tun daga bolt 12. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe aljihun gaban mota, ya leƙa, ya nuna mini wata 'yar farar takarda manne a gefe. Lambobi biyar. Shekara shida ina ajiye goro da takardun mota kusa da ita.

"Yallaɓai, tunda kun yi kuskure sau goma, sai an bar shi a kunne awa guda."

Ya wanke maƙoshin injin, ya bar shi ya yi zafi yana kan silo har fanka ta tashi, ya ja makunnin gilashi sama ya riƙe shi ɗan lokaci, komai ya dawo. Awar nan ta cinye mini ɗaurin auren da shinkafar. Kuɗin aikinsa kuma ya ninka wanda na guje wa a Gummi.

Mun kamo hanyar gida kafin la'asar, na danna lambobin nan biyar da yatsa mai rawa. Kotson Ɗanƙwairo ya cika mota. Na saci kallon Baba ina jiran yabo.

"Malam, kashe muna wanga abu," ya ce. "Barci ni ka ji."