Masu Leƙen Gindin Tukunya

Na san abin da za ku ce, bari in riga ku: wai mutum da hankalinsa ya riƙa bin gwanjo yana tara tsofaffin tukwanen Sukotland, ba girki ba, ba ajiyar ruwa ba, sai dai ya jera su yana kallo. Ga Alhaji can ya taɓe baki, wai kuɗi ne suka yi wa Bature yawa. To ke Hajiya da kike ƙyalƙyala dariya, kwallayen da aka jera miki ranar aure, wacce ce ta taɓa ganin miya?

Ku lura da mai wannan harka in ya shiga kasuwa. Bai damu da yabon ado ba tukuna, kifar da tukunyar yake yi ya leƙa gindinta, don a nan magini ke sa tambarinsa. In ya ga Crail, ya san daga ƙauyen masunta ta fito a yankin Fife, inda Stephen da Carol Grieve suka fara gini a 1965. In kuwa ya ga Mak'Merry, sai jiki ya hau ɓari. Catherine Blair ce ta assasa wannan a Macmerry bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don matan karkara su sami na kansu. Fararen kwanukan tangaran ake sayo musu, su zauna su zana furanni da hannu, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak.

Sai Wemyss, wanda aka fara a Kirkcaldy a 1882, inda wani mai zane ɗan Bohemiya, Karel Nekola, ya yi suna da manyan furannin wardi. Har da kyanwoyi suke yi, da aladu. Alade fa, da fure a gadon baya! Nan kam, Alhaji, ina bayanka, ko kyauta aka ba ni ba zai kwana a falona ba. Amma mahaifiyar Sarauniya Elizabeth ta tara kayan Wemyss, kuma a gwanjon Sotheby's na 2004 an sayar da wasu ƙananan aladu biyu, kowanne sama da fam 30,000. Na ga dariyar ta ɗan ragu.

Yanzu zaro naira ashirin daga aljihunka, juya bayanta. Matar da ke zaune tana gini, Ladi Kwali ce, wadda a 1954 ta shiga makarantar tukwanen da Michael Cardew ya buɗe a Abujar da, wato Suleja. Irin waɗannan mutanen da kuke wa dariya, su ne ke rububin tukwanenta a Landan, suna leƙen gindi suna neman harufan LK. In kakanka ya taɓa aikin gwamnati a wajejen nan, Malam, je ka kifar da kaskon da kaji ke shan ruwa a ciki, ka duba. Ka dai fara zubar da ruwan.