Duro, Karfasa da Gidan Sauro

Mutumin Kazaure in yana son ganin ruwa bakin dam yake zuwa, ya sha iska, ya sayi kifi wajen masunta, ya dawo gida. Ni da na yi ritaya sai na ga dam ya yi mini nisa. Na kira magini ya haƙa mini ɗan tafki a tsakar gida, gefen bishiyar lemun tsami, aka shafe shi da siminti. Ba kiwon kifin sayarwa nake nufi ba. Masu wannan tarwaɗa suke zubawa, ita kuwa tarwaɗa ba ta da fushi: in ruwa ya ɓaci sai ta leƙo sama ta shaƙi iska, mai ita ya buɗe bututu ya zubar ya sake sabo. Ni tafkin kallo nake so, irin na mutanen Japan da nake gani a waya, wanda ake hango kifi har ƙasa yana yawonsa a kan duwatsu. Jajayen kifayensu sun fi ƙarfin fanshona, sai na samo 'ya'yan karfasa na zuba.

Kafin wata ya mutu ruwan ya koma miyar kuka, har da kaurin. Hajiya ta zo wucewa da muciya a hannu, ta tsaya ta leƙa.

"Malam, in kawo tuwo ne?"

Ban tanka ba. Na san gansakuka ce, rana ta samu, kashin kifi ya samu. Bayan la'asar na kai maganar majalisa. A kan mataci babu gardama: shuɗin duron roba mai cin lita 200, ɗan ƙaramin famfo a cikin tafki, tiyo ya kai ruwa duro, ruwan ya ratsa abin da ke ciki ya dawo. Abin da za a zuba a cikin duron shi ne ya raba kan dattawa, don kowa kayan garinsu yake talla.

Ƙanin Hajiya, mutumin Babura, ya ce yashi. "Yaya, ruwan rijiya wa yake tace shi? Ai yashi ne." Na ji daɗin maganar, don na taɓa karantawa cewa tun 1829 ake tace ruwan shan birnin Landan da yashi. In ya ishi Landan, ina ga gidan ɗan fansho? Abin da littafin bai ja kunnena a kai ba shi ne, nasu fili ne guda aka shimfiɗe da yashi, ruwa yana tsatsafowa a hankali. Nawa duro ne, famfo kuma bai san haƙuri ba. Yashin ya sha daƙwalwar dauɗa ya toshe, cikin dare ruwa ya cika duro ya tumbatsa, ya bi gangare ya nufi madafi. Da asuba Hajiya ta tarar da murhu a jiƙe, buhun gawayi ya sha ruwa, tafki kuma saura kaɗan, karfasa suna kwance a gefe ɗaya suna kallona. Ranar kokon sayarwa muka sha.

Tsakuwa ta biyo baya, bisa shawarar wani abokin aikina na da, ɗan Roni, wanda in ka ce kanka na ciwo ma dutse zai ba ka. A gaskiya tsakuwa ta yi aiki, ruwa ya ratsa ta ba gardama. Ranar wanki ce ta tona asiri. Duro cike da tsakuwa ko majiya ƙarfi biyu ba sa motsa shi, sai dai ka zura kai ka kwashe da kwano. Da na isa ƙasa na tarar da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya sa maƙwabcina ya aiko yaro ya tambaya ko masai ce ta fashe. Ƙuguna har yau yana tuna mini Roni duk sanyin hunturu.

Gawayi kuwa na ɗebo daga sabon buhun Hajiya ba tare da neman izini ba, na juye yadda yake. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, manyan gawayin suka taso suna iyo. Soson wanka na kan danga ya yi kyau mako na farko, sannan ya ruɓe, shi ma ya zama dauɗar da ake neman tacewa. Soson tsohuwar katifa ya kama datti sosai, amma kullum sai an matse shi, ni kuma ban yi ritaya don in zama mai wankin katifa ba.

Gidan sauro ne ya yi mini babbar ɓarna, kuma har gobe ina cewa dabarar tana da kyau. Raga ce mai ƙananan idanu, ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi, ga ta a gida kyauta. Akwai ɗaya da aka raba mana, yana cikin ledarsa ba a taɓa buɗewa ba. Na ce sabo ya fi tsafta. Na dunƙule shi na cusa a duro, na kunna famfo, na tafi masallaci. Da na dawo karfasa suna ta juyi a saman ruwa, wasu suna tsalle. Na kira Hajiya.

"Zo ki ga yadda suke murna."

Ta daɗe tana kallo. "Malam, wannan ba murna ba ce."

Kafin isha'i fiye da rabi sun juya fararen cikinsu sama. Gidan sauron da ake rabawa da maganin ƙwari a jikin zarensa, shi ya sa ake cewa a shanya sabo a inuwa kafin a kwana a ciki. Maganin ba ya yi wa mutum komai in an bi ƙa'ida, amma ga kifi dafi ne mai kisa ko da ɗan kaɗan ne ya shiga ruwa. A takardar da ke cikin ledar an yi bayanin sauro dalla-dalla, ban ga inda aka ambaci karfasa ba. Na ce a soya su kada a yi asara biyu. Hajiya ta ce ba a kaskonta ba, kuma ta yi gaskiya, kifin da magani ya kashe ba na ci ba ne. A gindin lemun tsami na binne su, muka kwashe ruwan kaf muka wanke tafkin.

Ɗan ƙanena da ke karatun kimiyya a kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu ya zo gaisuwa a wannan makon. Ya zagaya duro, ya danne dariya saboda ladabi, sannan ya tsuguna.

"Baba, dattin da kake gani ba shi ne yake kashe kifi ba. Wanda ba ka gani ne."

Ya ce kifi yana fitar da amoniya ta matsefin kumatunsa da kuma kashinsa, ta narke a ruwa, babu rariyar da za ta kama ta. Wasu ƙwayoyin halitta ne, bakteriya, suke cin ta su mayar da ita naitirayit, shi ma guba ne, wasu kuma su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa, tsiro kuma ya sha a matsayin taki. Wani Barashe mai suna Winogradsky ne ya gano su wajajen 1890. Don haka duro aiki biyu yake yi. Inda ruwa ke shiga a sa abin da zai tare dauɗa, mai sauƙin cirewa a ɗauraye. Sauran wurin kuwa masauki ne kawai ake gina wa waɗannan halittu: abu mara nauyi, wanda ba ya ruɓewa, mai lunguna da yawa da za su manne, kuma ruwa da iska su ratsa. Ya ce a Nowe, a ƙarshen shekarun 1980, aka ƙirƙiro wasu 'yan ƙananan robobi masu ramuka don wannan aiki, ana sayar da su da tsada.

"Amma Baba, marafan robar lemo za su yi. Da soson wanka na raga, sabo, wanda bai taɓa sabulu ba. In ka samu ragowar bututun wayar lantarki ka yayyanka shi gajeru, shi ma ka zuba."

Hajiya tana daga bakin madafi tana ji. "Wato yanzu cuta za ku kiwata mana a cikin gida?"

Na sayo sosunan raga a Kanti, kala-kala, har mai shagon ya tambaye ni ko aurar da 'ya zan yi. Yaron ya ce in ba abin mako huɗu zuwa shida, in rage abinci, kada in ƙara kifi, kada in taɓa komai. Wannan ne ya fi duk wahala, don ni mutum ne mai son buɗe murfi. Koren ruwan kuma ya ce ba aikin duro ba ne shi kaɗai, sai an rage rana an kuma samo mai yi wa gansakuka kishiya wajen cin taki. Na kafa rumfar zana a rabin tafkin, na ɗebo kainuwa na watsa. Sannu a hankali ruwa ya washe. Wata safiya na hango ƙasan tafkin, har da cokalin shayin da ya ɓata tun watan jiya aka ɗora wa almajirinmu laifi. Sosunan cikin duro sun yi wani yauƙi ruwan ƙasa, yaron ya shafa da yatsa ya ce, "Baba, baƙinka sun tare."

Ana saura kwana kaɗan babbar sallah na je Kano sayen tiyo a Ƙofar Ruwa. Na dawo na tarar an share gida tas, a kan igiyar shanya kuma ga sosunana jere, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna ƙyalli a rana. Marafan suna cikin baho, fes, suna ƙamshin omo.

"Malam, wannan ƙazanta da ka tara, baƙi za su zo sallah," in ji Hajiya. "Ni da auta tun hantsi muke dirza. Ko sannu ba za ka ce ba?"

Na ce sannu. Me zan ce? Mako shida na renon abin da ido ba ya gani ya bi rariya. Sai da na ɗauraye kayan har hannuna ya yi fari kafin in mayar, muka koma farko, ina canza sulusin ruwa ina sa karfasa azumi. Yanzu akwai doka a rubuce a jikin duro da fenti: ba a wankewa sai a bokitin ruwan tafkin, ba sabulu, ba shanya. Hajiya tana kiransa duron ƙazanta, ta kuma hana a ajiye shi kusa da randa.

Sai matsalar wuta. Halittun nan iska suke shaƙa daga ruwan da ke gudana, in famfo ya tsaya sa'o'i masu yawa ruwan duro ya kwanta, su fara mutuwa. Na haɗa ɗan faifan sola da batir. Kuɗin da ya tafi a nan, in ji lissafin Hajiya, ya isa mu ci kifin bakin dam kullum har jikokinmu su yi aure.

Marafai ne har yanzu ba su cika duron ba, don lita 200 ba wasa ba ce. Yaran unguwa sun fara kawo mini kyauta, da suka ga da gaske nake sai suka yanka farashi. Na ga abin zai cinye fansho, na koma nema da kaina. A wani suna da aka yi a layinmu, ana shafa fatiha mutane suka watse, ni kuma na duƙa ina bin gefen tabarmi ina tsinta ina zubawa a aljihun babbar riga. Ban san ana kallona ba. Wani dattijon majalisarmu ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, kowa ya san halin da 'yan fansho ke ciki. Ba sai ka ce komai ba."

Ya danna mini naira dubu a tafi, ya juya da sauri kada in ji kunya. Na buɗe baki zan yi masa bayanin amoniya, na ga ya riga ya kai kwana. Abincin kifi na saya da ita.